Hasbiya bakwai da mushe ɗaya a fadamar Rima

Wuƙa Kawu ya fara tambayata, ba danƙo ba. Na iso gidansa da la'asar wata Juma'a cikin Disamba, na sauko daga kabu-kabu ina ta ɗoki, ko ƙurar hanya ban kakkaɓe ba na zaro sabon danƙon da na sa aka ɗaura mini a cikin gari. Gwafar ta icen magarya ce, robar ta cikin tayar babur, fatar kuma jar fatar akuya ce da na roƙa wajen wani baduku. Ya karɓa, ya ja robar, ya saki, ya miƙo mini abina.

"Ina wuƙakka?"

Na ce ban zo da ita ba.

"To mi kaz zaka yi, ɗan birni? Kisa ko hwarauta?"

Ɗansa, wanda yake taubashina, yana gefe yana gyaran wata igiya, sai ya tuntsire da dariya har da buga ƙafa. Ban gane abin dariyar ba sai washegari da hantsi.

A Runjin Sambo na tashi, kuma rabona da harbin tsuntsu tun ina firamare, lokacin da muke bin ƙadangaru da buwa a gindin dogon yaro. Mahaifiyata ce 'yar wani ƙauye da ke gaba da Dundaye. Idan ka bar Sakkwato ta hanyar jami'a, ka haye gadar Kwalkwalawa, hanyar nan da ambaliyar 2010 ta yanke, fadama ce hagu da dama, shinkafa da albasa da tafarnuwa iya ganinka. A nan Kawu ya yi rayuwarsa duka. Duk shekara bayan an sheƙe gero an yanke shinkafa yakan aiko mana da hasbiya gasassa a ƙunshe cikin takardar siminti, ni kuwa na daɗe ina cewa wata rana sai na je na ga yadda ake kamo ta. Bana dai na cika alkawari.

Wanda bai san hasbiya ba, ya ɗauki tattabarar gida ya sa mata riga ja-ja mai duhu a baya da fukafukai, ya yayyafa fararen ɗigo a kan fukafukan, ya bar kai da ƙirji ruwan toka. Abin da ba za ka taɓa mantawa ba shi ne idon: jar fata ce tsirara ta kewaye shi, kamar wadda ta kwana tana kuka. Shi ya sa idan ƙurji ya fito wa mutum a fatar ido ya yi ja ya kumbura ake cewa hasbiya ta fito masa. Giginya ce gidanta na asali, a can ƙoli tsakanin gindin ganyaye take sheƙa ta yi ƙwai 2 farare, kodayake yanzu ta saba da rufin manyan gine-gine da tankunan ruwa a cikin gari. Mu Sakkwatawa da mun ji giginya sai hankalinmu ya tafi filin da aka gwabza da Turawa a watan Maris na 1903, ko filin ƙwallo, ko barikin soja. Kawu shi da ya ji giginya, nama yake tunawa.

Yana da bindigar toka, amma ta shekara da shekaru rataye a bango. Ya ce ko a da can ba ya son ta wajen hasbiya: harbi ɗaya garken duka ya watse ya bar wurin har kwanaki, ga ƙananan ƙarafa da ke nutsewa cikin naman su fasa wa mutum haƙori. Balle yanzu, da abin da ke faruwa a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, babu mai hankalin da zai fita da asuba da bindiga a kafaɗa a hango shi daga nesa. Tarko ya fi masa kwanciyar hankali.

Bayan sallar isha'i muka zauna a zaure da fitila mai caji muka hau ɗaurin zarge. A zamanin mahaifinsa da gashin wutsiyar doki ake yi, a murza sili biyu ko uku wuri ɗaya. Yanzu zaren roba na masu fatsa ya kore shi, sirantarsa ɗaya kuma ba ya tsinkewa. Ana yanka zaren kamar tsawon kamu ɗaya, a yi ɗan ƙulli mai ido a baki ɗaya, a zura ɗaya bakin ta cikin idon, sai ya zama zobe mai zamewa wanda yatsu uku za su shiga. Sai a ɗaure gindinsa a jikin doguwar igiya, a bar taƙi ɗaya, a ɗaura na gaba. Igiya ɗaya takan ɗauki zarge 30 ko fiye. Nawa na farko guda biyar duk Kawu ya kwance su, wai ƙullin ya yi tauri, ko ƙafar jaki ce ta shiga ba zai zame ba. Sai wajen na goma hannuna ya faɗa. Taubashina kuwa yana yi yana hira, ko kallon yatsunsa ba ya yi. Shi ne ma ya gaya mini cewa aikin ya riga ya yi nisa ban zo ba: kwana uku ke nan yana zuwa wurin da sassafe yana watsa tsabar gero da karyayyar shinkafa ya dawo, ba tarko ba komai, don tsuntsayen su saki jiki su ɗauka banza ce ta faɗi.

Kafin mu kwanta Kawu ya ɗauko wata 'yar wuƙa mai ƙotar ice, ya wasa ta a dutse har ta aske gashin hannunsa, ya ba ni. Ya ce in sa ta a aljihun dama, kada in sa a jaka.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Sanyin fadama daban yake da na gari. A gari iska ce ke dukan fuska, a nan kuwa daga ƙasa yake tasowa ya shige ta tafin ƙafa. Hazo ya rufe ko'ina, giginyoyi uku da ke bakin wani tafki sai kawunansu kake gani kamar suna lilo a sama. Wurin da aka zaɓa tsohuwar masussuka ce, ƙasa a daddaɓe, ƙaiƙayi warwatse, taku kamar 40 daga bakin ruwa. Kawu ya ce dabarar ke nan: hasbiya takan ci ta sha, don haka wurin da ya haɗa hatsi da ruwa da dogon icen da za ta fara sauka ta leƙa, shi ne wurinta.

Muka shimfiɗa igiya uku, muka kafe bakin kowace da turke, muka binne jikin igiyar da ƙasa mai laushi. Zoben kuwa ba a binne shi. Ana buɗe shi a jingina da ɗan ɓurɓushin ƙasa ya ɗan ɗaga, yadda idan tsuntsuwa tana tafe tana tsattsaga, ƙafarta za ta shiga, da ta ja sai ya shaƙe. Aka watsa gero a kai, ba da yawa ba. Kawu ya karyo reshen sabara ya share sawunmu yana ja da baya, har muka isa wani tarin karan dawa da aka jingina a gindin gawo. Muka shige bayansa muka tsuguna.

"Kak ka motsa, kak ka yi tari. In ƙaiƙayi ya kama ka, ka ba shi haƙuri."

Abin da ba a gaya mini ba shi ne farautar hasbiya kusan duk zama ne. Mun fi awa guda a wurin. Ƙafata ta dama ta mutu, na sauya, ta hagu ma ta mutu. Na ji kiran wani manomi can nesa, na ji tashin injin ban-ruwa, na ga balbelu sun wuce a jere. Bardo ne ya fara sauka, ɗan mitsitsi da doguwar wutsiyarsa, ya yi ta yawo tsakanin zarge ko ɗaya bai taɓa shi ba. Sai kurciyoyi biyu. Sai da rana ta fara huda hazon sannan na ji kukan daga saman giginya, mai kauri, daga cikin ƙirji, yana farawa a hankali yana ƙara sauri. Kawu ya taɓa gwiwata da yatsa ɗaya.

Ba su sauko kai tsaye ba. Sun kai 20, suka yi kewaye biyu a sama, suka zauna kan gawon da muke ƙarƙashinsa, har kashin ɗaya ya sauka a hular taubashina bai ko ɗaga kai ba. Ɗaya ta sauka can gefen masussukar, nesa da hatsin, ta tsaya ƙyam tana juya jan idonta. Ta yi taku uku ta tsaya. Ta tsattsagi ƙasa, ba don ta ga wani abu ba, sai don gwaji. Da ta ga kurciyoyin nan suna ci babu abin da ya same su, sai ta matsa. Kafin ka ce me, sauran sun zubo kamar an juye kwando.

Daga nan komai ya zo da sauri. Wata ta yi tsalle za ta canza wuri, zaren ya riƙe ta, ta faɗi tana bugun ƙasa da fukafukai. Garken ya tashi gaba ɗaya da wata ƙara kamar tafi, ƙura ta turnuƙe, da ta lafa sai ga uku a ƙasa suna fafutuka, da kurciya ɗaya. Kawu, dattijon da ke tashi daga tabarma da "wash", ya riga mu isa. Ya danne ta farko, ya haɗa fukafukan ya taka da babban yatsan ƙafa, ya juya ta alƙibla, ya ɗaga kan da yatsu biyu, "Bismillahi, Allahu akbar," wuƙa ta wuce sau ɗaya ta yanke maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu, bai cire kan ba. Ya riƙe ta har ta daina motsi sannan ya ajiye. Ta biyu taubashina ya yanka. Ta uku Kawu ya ce in yanka da kaina. Da na kama ta sai na ji zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna kamar za ta fito, jikinta da ɗumi, ni kuwa yatsuna sun ƙage don sanyi. Wuyan bai kai kaurin babban yatsana ba idan ka cire gashin. Na yi bisimilla na yanka, hannuna yana rawa, amma ya ce ya yi.

Kurciyar kuwa kwance ta ya yi ya sake ta. Ya ce ko ya kai ta gida Kaka ba za ta bari ta shiga tukunyarta ba, wai ita ce ta yi sheƙa a bakin kogo ranar hijira. Taubashina ya raɗa mini cewa shi da shi kaɗai ya zo, da tuni ta sha gishiri a nan bakin tafki. Na ce ya yi a hankali, kada a wayi gari kurciya ta tafi da shi Legas ya manta hanyar gida.

Muka gyara zarge muka koma maɓoya. A nan ne na tafka tawa. Kamar rabin awa bayan haka wata hasbiya guda ta dawo ta zauna a wani busasshen reshe na gawon, ƙasa-ƙasa, ta ba ni ƙirji sosai. Danƙona yana wuya tun asuba, aljihun hagu cike da dunƙulen yumɓu da na busar a rana. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗana, na ja har kunne, na saki. Wallahi ni kaina ban zaci zan same ta ba. Sai ji na yi tim, ta faɗo kamar dutse, ko fiffike ba ta buga ba. Na yi tsalle na fito baki har kunne, na ɗauko ta ina ɗaga wa taubashina.

Kawu ya karɓa. Ya buɗe idon, ya ja ƙafar ya saki, ya kara ta a kunne. Yumɓun a ka ya same ta.

"Wagga mushe ta. Tahi ka yas da ita."

Na ce ai na yi bisimilla kafin in saki. Ya ce ko Yasin na karanta, dutse ba ya yanka, bugu yake yi, kuma abin da bugu ya kashe Alƙur'ani ya lissafa shi cikin haram a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, tare da wanda aka shaƙe da wanda ya faɗo daga sama. Kibiya ko mashi da suka huda suka zubar da jini hukuncinsu daban. Danƙo da tarko kuwa aikinsu su tsayar maka da tsuntsu ne kawai, sauran aikin na wuƙa ne, kuma sai ka iske shi da rai. Shi ya sa ba a ɗana tarko a tafi gida, shi ya sa kuma mai danƙo na gaske fiffike yake nema, ba kai ba. Ya kawo mini abin da ya ji a zauren karatu cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: Nafi'u ya jefi tsuntsaye biyu da dutse ya same su, ɗaya ya mutu nan take, Abdullahi ɗan Umar ya jefar da shi, ɗayan ma ya mutu kafin a kai ga yanka shi, shi ma ya jefar. "In ɗan Umar ya yas da biyu, kai mi ag gare ka da ba ka yas da guda?"

Ita ce ta fi duka ƙiba. Na kai ta bayan wata geza na ajiye, ban ko juya ba shirwa ta fara kewaya wurin. Taubashina ya bi ni da waƙar tsiya har muka koma, wai maharbin birni ya ciyar da shirwa ya bar uwar gida da yunwa. An ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, ni nawa ya yi daidai har ya wuce gona da iri.

Garken ya sake saukowa sau biyu kafin rana ta yi zafi, muka sami huɗu. Wajen ƙarfe 11 Kawu ya ce a naɗe. Bakwai ke nan.

A tsakar gida na sake nuna birnancina, na ce a ɗora ruwan zafi. Inna, matar Kawu, ta ce wa ya gaya mini kaza ce? Fatar hasbiya siririya ce, ruwan zafi zai saɓule ta, kuma gashinta ba ya gardama, a bushe ake fige shi. Haka ne kuwa, da ka ja sai ya biyo hannu, ya bar maka wata farar ƙura mai santsi a yatsu. Muka fige a cikin tsohon kwando don kada iska ta kwashe gashin ta zuba a randa. Inna ta kunna karan dawa ta babbake su sama-sama, ta kankare da wuƙa, ta tsaga ta ƙasan ƙirji ta zaro kayan ciki. Ta ware hanta da zuciya, ta fasa ƙundu ta ɓare fatar cikinsa da tsakuwoyin da ke ciki. Na tsaya ina neman matsarmama don kada ta fashe, ta ce in daina wahalar da kaina, dangin tattabara ba su da ita.

Jakar nan ta wuya inda tsuntsu ke tara abinci, kowace muka buɗe cike take da geronmu da shinkafa. Ta shida ce ta zo da wani abu dabam, fari-fari mai kauri kamar cuku ya lulluɓe cikin jakar. Na ɗauka ciwo ne. Inna ta kira Kawu. Ya duba ya yi shiru, sannan ya ce nono ne. Dangin tattabara da shi suke ciyar da 'ya'yansu a kwanakin farko, kuma uwa da uba duka suna yin sa. Wato akwai 'yan shila a saman ɗaya daga cikin giginyoyin nan. Ya ce in Allah ya so ɗayan zai riƙe su. Sai ya juya ya ce wa ɗansa daga gobe a ɗauke tarko daga wannan masussukar, a mai da shi can ƙetaren tafki wajen gonakin albasa.

Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana danna ƙarshen ƙashin ƙirji da babban yatsa. Wadda nata ya lanƙwasa matashiya ce, ta wuta. Wadda nata ya tsaya ƙiƙam tsohuwa ce, ta tukunya. Uku suka tafi wuta, huɗu tukunya.

Kaka ce ta karɓi tukunyar, tana daga zaune a kan 'yar kujerarta tana ba da umarni. Da ta gan ni ta ce, "Maigida, an ce ka yi wa shirwa cehwane ka bar ni?" Na ce ai na ga ba ta da haƙoran ci ne. Ta ce romo ba ya son haƙori. Aka raba kowace gida biyu ta tsakiyar baya. Ta sa aka narka man shanu a tukunyar ƙasa, aka zuba albasa har ta yi ja, aka jera naman ya soyu gefe da gefe. Naman hasbiya baƙi-baƙi ne kamar hanta, kitse kaɗan, shi ya sa ta ce in ba a fara soya shi da mai ba sai ya fito kamar igiya. A turmi aka daka citta da masoro da kanumfari da kimba 'yar kaɗan, da tafarnuwa, da attarugu biyu, da daddawa. Ta hana a sa tumatir, wai yana kashe ƙamshin daji. Ni da na so a sa, amma da na ɗanɗana daga baya na ba ta gaskiya. Aka zuba ruwa ya sha kan naman, aka rufe, aka janye itace aka bar garwashi. Ya fi awa ɗaya da rabi yana tafasa a hankali, ƙamshin ya cika unguwa har yaran maƙwabta suka fara leƙowa da sunan neman wuta. Gishiri sai can ƙarshe ta sa, bayan ta caka tsinke a cinya ya shige ba gardama.

Ukun nan kuwa taubashina ya buɗe su ta baya ya danne suka baje, ya shafa man gyaɗa da gishiri, ya soke a tsinke ya kafa gefen garwashi, ba a kai ba. Yana juyawa yana ƙara mai. Da suka kusa nuna ya barbaɗa yajin ƙuli, ya ce in an sa tun farko ƙonewa yake yi ya yi ɗaci. Ƙirjin ya fito da ɗan ja a tsakiya, da laushi, da wani ɗanɗano mai ƙarfi da kazar gidan gona ba ta taɓa mafarkinsa ba.

Bayan magariba aka kawo tuwon shinkafa. Kafin kowa ya sa hannu Kaka ta sa aka ɗebi romo da rabin hasbiya a 'yar samira aka kai wa wata maƙwabciya mai jego, don a wajensu romon tattabara da na hasbiya shi ne abincin wanda ya zubar da jini ko ya tashi daga ciwo. Kawu ya sami ƙirji, yara suka sami kawuna da fukafukai da ƙafafu suna ta ƙwalƙwalar ƙashi, Kaka ta tattara hantar duka a gabanta ta ce ladan girki ne. Ni aka ba ni wadda na yanka da hannuna, Inna ta gane ta da yankan da ya karkace.

Ranar Lahadi na koma gari da guda ɗaya a ƙunshe ta mahaifiyata, da wuƙar, don Kawu ya ce in riƙe. Ranar Laraba na tashi da fatar idona na dama ta kumbura ta yi jawur, ko ƙurar fadama ce ko hayaƙin karan dawa. Na yi kuskuren ɗaukar hoto na tura wa taubashina ta WhatsApp. Ko minti biyu ba a yi ba ya kira, ina jin muryar Kaka a bayansa tana dariya.

"Taubashi, wadda kak kashe ta, ta biyo ka har Runjin Sambo."